Telan da Ya Jawo Edita Har Batsari

Allah ne Ya ba mu aron Yaya, da lokaci ya yi kuma Ya karɓi abinSa. Daga gare Shi muka fito, can kuma za mu iske waɗanda suka riga mu. Yaya ya cika da hantsi, ana tsakiyar yankan gero, muka kai shi makwancinsa kafin azahar. Na zaci tunda lokacin aiki ne mutane za su yi gaisuwa su koma gona. Ashe ban san girman wanda muka rasa ba, ni da nake ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya.

Wanda ya fara shigo mana zaure bayan an dawo daga maƙabarta shi ne wan matarsa, sarkin pawan Batsari. Ƙaton mutum ne, in ya yi magana a rumfar mahauta har masu tukwane a ƙarshen kasuwa suna ji. Ya buɗe baki zai ce mini "Ya haƙuri?" muryar ta ƙi fita. Ya zauna ya jingina da bango, sannan ya ce, ba da kowa yake ba, "Ni na taɓa ce mashi maƙaryaci a bainar jama'a. Ni da bakina."

Liman ya ce, "Ai ya yafe maka tun tuni, Sarki."

Ya ce, "Na sani, Malam. Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Washegari Ardon Zakka ya iso da mutanensa, a ƙasa suka tako, matansu ɗauke da ƙoren nono. Ardo ba mai yawan magana ba ne. Ya jingine sandarsa a ƙofa, ya yi addu'a da Fulatanci, ya shafa, sannan ya dube ni ya ce, "Da ba don wanga bawan Allah ba, da mun bar ƙasarga." Bayansa wata tsohuwa daga Darini ta zo a kan jaki, ɗanta na jan akala yana ɗingishi. Ta ƙi shiga wurin mata sai da aka kai ta inda keken ɗinkinsa yake. Ta dafa keken, ta yi masa addu'a a tsaye, sannan ta shiga cikin gida. Har aka yi sadakar bakwai ba a naɗe tabarmi a ƙofar gidanmu ba. Mutanen Safana suka zo, fatake da ke wucewa suka sauke kaya suka zauna, kowa da labarinsa na Yaya, wani ma ban taɓa jinsa ba.

Jaridar da ya yi wa hidima rabin rayuwarsa yanzu sai ta ga dama take fitowa. In na jira ta tuna da shi, wataƙila ita ma ta rigaya ta bi shi. Don haka na ɗauki alƙalami da hannun da shi ya koya wa rubutu.

Yaya ya girme ni sosai. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe ni, shi ya yi mini aure, shi ya saya mini jakin farko da na soma fataucin rogo. Har gemuna ya yi furfura bai daina kirana Auta ba. Tela ne, rumfarsa tana gindin tsamiyar da ke bakin kasuwa. Ya yi karatun allo kamar kowa, boko kuwa da girmansa ya same shi, a wajen wani akawu da suka zauna gida ɗaya lokacin da ya je cin rani Kano. Ya dawo da keken ɗinki, da tabarau mai karyayyen hannu wanda ya ɗaure da zare, da kuma son takarda. Ko guntuwar da aka ƙunso masa gishiri a ciki sai ya warware ya karanta kafin ya yar.

Ranar kasuwa, in motar birni ta iso, direba zai miƙo masa jarida ta taga. 'Yar ƙaramar jarida ce da waɗansu mutane ke bugawa a birni da Hausa. Yaya ba ya buɗe ta nan take. Sai ya ƙarasa ɗinkin da ke ƙarƙashin allura, ya gutsure zare da haƙori, ya wanke hannu kamar mai shirin cin tuwo. Kafin nan an cika gindin tsamiya, masu hatsi sun bar wa maƙwabta tsaron buhunansu. Yana da wata al'ada da kowa ya sani. In ya karanta labari sai ya fara da "Jarida ta ce." In abu ne da ya shaida da kansa sai ya sauke takardar, ya leƙo ta saman tabarau, ya ce, "Wannan kam ni na gani." Bai taɓa gauraya biyun ba. In kuwa wani ya zo masa da labari da zafinsa, wai an kama kura a Safana ko wai za a ƙara haraji, tambaya ɗaya yake yi, ƙafarsa na kan keke ba ta tsaya ba: "Ka gani, ko gaya maka aka yi?" Mutane da yawa sun yi fushi da wannan tambaya. Ni kaina na sha yi.

Tsohuwar nan ta Darini, sanin da suka yi ya samo asali ne tun lokacin babban yaƙin Turawa, da aka ɗebi samarinmu aka haye teku da su. Ɗanta ɗaya tilo yana cikinsu. Duk ranar kasuwa sai ta taho da 'yar daddawarta, ta tsuguna nesa da maza har a watse, sannan ta matso ta ce, "Malam, an hwaɗi sunan ɗana?" Shi kuma ya ce, "Ba a faɗa ba, Inna." Ta ce to, ta ɗauki faifanta. Wani dillali da ke kusa da rumfar ya gaji da gani, ya ce masa, "Haba Malam, mi zai rage ka in ka ce mata jarida ta ce shina lafiya? Ita ta iya karatu ne?"

Yaya ya ce, "In na karanta mata abin da babu yau, ranar da na karanta mata abin da ke akwai da me za ta gane bambanci?"

Amma bai bar ta haka ba. Ya riƙa ware mata duk abin da jarida ta faɗa game da sojojin, irin abincin da ake ba su, yadda ruwan sama yake a can, yadda suke salla a sansani. Ya karanta mata ita kaɗai, a hankali, har ta riƙa cewa a ƙauyensu ta san inda ɗanta yake kwana. Ranar da aka buga cewa jirgin ruwa ya sauke rundunarsu, ba ranar kasuwa ba ce, wani malamin En'e ne ya zo da jaridar. Yaya ya bar rigar ango rabi a keke, ya hau basukur ya nufi Darini cikin rana. Ya ce mata, "Inna, har yanzu ba a faɗi sunansa ba. Amma rundunarsu ta sauka, wannan jarida ta faɗa." Ba a yi wata ba ɗan ya shigo gida da ƙafa ɗaya mai rauni da akwatin ƙarfe a ka.

A shekarun nan ne ya zama wakilin jaridar a yankinmu. Editan wancan lokaci wani dattijo ne da ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Labarin farko da Yaya ya aika, na rijiyar da ta rufta, dawo masa da shi aka yi da tambayoyi a gefe: a wace unguwa, wa ya haƙa ta, an fito da mutumin da rai ko babu. Yaya ya yi kwana biyu ba ya walwala, daga baya ya ce mini, "Auta, wannan mutum malami ne." Tun daga nan ba ya aika labari sai ya taka wurin da ƙafarsa. Matarsa takan ce ita ba ta san wanda ya fi cin takalmi ba tsakanin maigidanta da mai tallan koli.

Sai dattijon ya tsufa ya ajiye aiki, maɗaba'ar ta koma hannun wani attajiri, aka ɗauko sabon edita, saurayi ɗan makaranta. Lokacin kuwa jam'iyyu sun shigo, ana ta maganar mulkin kai, kowa da abin da yake so a buga. Jarida ta fara sauya kama. Kanun labarai suka yi girma, labaran suka gajarce. Yau a yabi wane har ya wuce misali, gobe a ce an ga macen da ta haifi abin da ba mutum ba, ba a faɗi gari ba balle unguwa. Sunayen garuruwanmu ma aka riƙa juya su. A gindin tsamiya "Jarida ta ce" ta yi yawa a bakin Yaya, wani lokaci ya tsallake shafi sukutum ya ce, "Wannan ba na karantawa ba ne."

Abin da ya faru da shanun Zakka kuwa ga yadda yake. Bayan girbi waɗansu shanun Ardo suka faɗa gona suka ci gyauron dawa, wato ɗanyen tohon da ke fitowa bayan an yanke kara. Makiyaya sun san yana kumbura cikin dabba. Aka yi saurin yanka waɗanda suka faɗi tun da ransu, mahautan Batsari suka saya, halas ɗinsu. Yaya ya je Zakka ya gani, ya rubuta 'yan layuka yana jan kunnen masu dabbobi su yi hattara da gyauro. Abin da ya aika ke nan, ni ne ma na miƙa wa direba.

Ranar kasuwa ta zagayo, ya wanke hannu, ya buɗe jarida a gaban jama'a. Na ga fuskarsa ta sauya. A shafin farko, da baƙaƙe manya, an rubuta cewa annoba ta faɗa wa shanun Zakka, mahautan Batsari kuma suna sayar wa Musulmi mushe. A ƙasa an sa: daga wakilinmu na Batsari.

Mutane suka ce, "Malam, karanta mana." Da wani ne da ya ninke takardar ya ce babu kome yau. Yaya ya karanta shi tun daga farko har ƙarshe, sannan ya cire tabarau ya ce, "Jarida ta ce. Ni ban ce ba. Ƙarya ce." Amma wa ya tsaya jin ƙarshen? Kafin azahar labari ya gama kasuwa. Mata suka aiko a mayar da naman da aka saya da safe. Fatake suka kai maganar gaba, garuruwan da jaridar ke zuwa su ma suka karanta. Malamin dabbobi ya zo ya duba garken Ardo bai ga kome ba, ya faɗa, amma aka ce ai an toshe masa baki ne, tunda ga shi a takarda. Dillalai suka daina taya shanun Zakka a kara. Aka hana su shan ruwa a rijiyoyin maƙwabta. Matan Fulani suka riƙa komawa da nononsu yadda suka zo da shi. Rumfar mahauta ta zama wurin ƙudaje da karnuka.

A kasuwa ta gaba sarkin pawa ya taso da mutanensa har gindin tsamiya, da wuƙarsa a ɗamara. Tsakaninsa da Yaya akwai kunya irin ta surukai, ba su taɓa ɗaga wa juna murya ba. Ranar ya ajiye kunya.

"Kai ka rubuta ko ba kai ba?"

"Na rubuta maganar gyauro, Sarki. Ban rubuta mushe ba."

"Wa ke wakilinsu a Batsari? Akwai wani bayan kai? Ka ci namana shekara da shekaru, ka auri ƙanwata, ka tashi ka sayar da mu don a ce ka iya boko. Maƙaryaci!"

Ni jinina ya hau, na yunƙura, Yaya ya riƙe mini hannun riga. Kafin magariba sarkin pawa ya aiko a ce ƙanwarsa ta koma gida. Ta fito tsakar gida ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce ma wana Sarki ina gaishe shi. Malam bai taɓa yi mani ƙarya ba ko a kan kuɗin cefane, ba zai fara da shanun mutane ba. Ina ɗakina." Ardo kuwa bai zo da faɗa ba. Aikowa ya yi cewa in wata ya kama abin bai gyaru ba zai kwashe rugarsa ya yi arewa, ya tsallake iyaka zuwa ƙasar da ke hannun Faransi.

Da gari ya waye Yaya ya ce mini, "Auta, ɗaure jakinka. Birni za mu." Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya jefa allura da zare da almakashi a aljihu yadda ya saba, muka hau mota a kan buhunan rogo.

Maɗaba'ar wani dogon ɗaki ne mai warin tawada, injin na ƙara, waɗansu mutane a tsaye suna jera baƙaƙen ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Editan yana can ciki bayan tebur. Na shiga da niyyar ganin azzalumi, sai na ga saurayi ramamme, idanunsa ja, takardu sun kusa binne shi. Ya gaishe da Yaya da ladabi, ya ba shi kujera. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya dafe kai.

Ya ce, "Baba, wani direba ne ya ce mini ana mutuwar shanu a wajenku, ga kuma takardarka ta zo. Na haɗa biyun. Mai maɗaba'a ya ce in jarida ba ta saye zai rufe ta ya koma buga rasit. Maganar gyauro wa zai saya? Ni kaɗai nake aikin mutum huɗu. Amma ba kome, zan sa gyara a shafin baya."

Yaya ya ce, "Da ƙananan baƙaƙe, kusa da tallan sabulu."

"Haka ake yi."

"Malam, ban zo in ce ka yarda da ni ba. Ka yarda da direba ba ka gani ba, in ka yarda da ni ma ba ka gani ba. Zuwa na yi in tafi da kai. Ka ga shanun, ka ga rumfar mahauta, ka dawo ka rubuta abin da idonka ya nuna maka. In annoba ce ka sake bugawa, ni zan karanta musu da bakina."

Editan ya yi 'yar dariya ya ce ina shi ina barin aiki ya tafi ƙauye. Yaya ya ce, "To madalla. Ina ƙofa."

Ya fita ya shimfiɗa buzunsa a inuwar ƙofar maɗaba'a ya zauna. Na ce, "Yaya, sai yaushe?" Ya ce, "Kai ka tafi wajen rogonka in kana sauri." Ban tafi ba. Muka kwana gidan wani ɗan garinmu, da safe muka dawo, haka washegari. Editan in zai shiga sai Yaya ya gaishe shi da fara'a, ya tambayi iyali, bai ƙara ce masa kome ba. Da zaman ya ishe shi sai ya lura rigar ɗaya daga cikin masu jera baƙaƙe ta yage a kafaɗa, ya ce ya kawo. Ya ɗinke. Wani ya kawo wando, wani hula. Kafin a jima ƙofar maɗaba'a ta koma rumfar tela, yana ɗinki yana ba su labarin Ardo da shanunsa, da matan da ke komawa gida da nono ya yi tsami. Ashe babbansu, wani dattijo mai tawada har gwiwar hannu, ya san rubutun Yaya tun zamanin tsohon edita. Shi ne ya shiga ya ce wa saurayin, muna ji daga waje, "Malam, hannuna ne ya jera wancan labari, kuma tun ranar ba na jin daɗin barci. Ka bi bawan Allahn nan. Mu za mu riƙe maka aiki. In ba haka ba, ka nemi mai jera maka na wannan mako."

Ranar kasuwa motar birni ta tsaya a Batsari, Yaya ya sauko, bayansa saurayi da farin wando da takalmi sau-ciki. Ba gindin tsamiya ya kai shi ba. Basukur ya aro masa, suka nufi Zakka, ni da jaki a baya. Ardo ya sa aka koro garken gaba ɗaya. Shanu ƙosassu, farare da baƙaƙe, maruƙa na tsalle, suka kewaye baƙon har ya rasa inda zai sa ƙafa. Aka nuna masa gonar, aka tsinko masa gyauron ya riƙe a hannu. Ardo ya ce, "Ɗan malam, duba da kyau. Wace ce ba ta da lahiya? Nuna mani ita in ba ka kyauta." Matar Ardo ta miƙo masa ƙwaryar kindirmo, ta tsaya tana kallonsa. Ya karɓa ya sha har ya ga gindin ƙwarya.

Muka dawo kasuwa tare da Ardo bayan azahar, ta cika maƙil don labari ya riga mu. Rumfar mahauta ba kowa sai su, sa ɗaya suka yanka shi ma yana rataye ba a taɓa ba. Sarkin pawa na zaune ya haɗe rai. Editan ya tsaya ya dubi layin tebura wayam, ya dubi mutanen, sannan ya cire hularsa ya ce da ƙarfi, "Jama'a, ni ne na rubuta labarin nan, ba Baba ba. Ban gani ba na rubuta. Yau na gani. Ƙarya na buga, ku yafe mini." Ya juya ga sarkin pawa ya ce, "Sarki, a gasa mini tsire."

Ban taɓa ganin an gasa nama da sauri irin na ranar ba. Ya ci a tsaye, a gaban kowa, yaji na sa shi hawaye. Yaya ya karɓi tsinke ɗaya, Liman ya karɓa, Ardo ya karɓa. Sai wata mata daga cikin masu fura ta rangaɗa guɗa, kasuwa ta ɗauka. Makaɗan mahauta, da suka yi makonni kalangunsu na rataye, ban san daga ina suka ɓullo ba. Kafin la'asar ko ƙashi bai rage a jikin san nan ba, sai da aka kayar da na biyu. Cikin wannan hayaniya na ga sarkin pawa ya ratso mutane, ya zo gaban Yaya, ƙaton nan ya durƙusa har ƙasa. Yaya ya kama shi ya ce, "Tashi, Sarki, mutane na kallo. Ka aika wa ƙanwarka da hanta, ita ta fi ni shan wahala."

Mako na gaba gyaran ya fito a shafin farko, da baƙaƙe masu girman na ƙaryar, da maganar gyauro a ƙasa yadda Yaya ya rubuta ta tun farko. Sau uku aka sa shi ya maimaita karantawa. Ardo bai tashi ba, rugarsa na nan har gobe.

Ba zan ce jaridar ta gyaru gaba ɗaya ba. Saurayin ya yi ƙoƙari, ya riƙa dawo wa wakilai da labari in bai gamsu ba, amma bai daɗe ba ya sami aikin gwamnati ya tafi. Waɗanda suka biyo baya wani ya kyauta, wani ya ɓata. Takarda ta yi tsada, shafuka suka ragu, wani lokaci a yi makonni direba na ɗaga hannu wayam ta taga. Yaya ya ga haka, ya ɗauko wani aiki da bai taɓa yi ba. Ya ce abin da ya fi tsorata shi ranar da labarin mushe ya fito shi ne duk kasuwar ba wanda zai iya karɓar takardar ya duba da kansa, balle ya mayar da amsa. Ya samo allon katako ya shafe shi da baƙi, ya rataye a jikin tsamiya. Bayan la'asar in ciniki ya lafa, mahauta da manoma da makiyaya da masu gemu irina muka riƙa zama muna bin a, ba, ca. Ba shi da haƙuri a koyarwa, in faɗi gaskiya. Yakan yi tsaki, ya ce kan wane ya fi dutsen niƙa tauri. Amma ba ya bari ka tashi sai ka rubuta sunan garinku daidai.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi a daminar nan, ni nake karanta masa in jarida ta zo. Wata rana na ce, "Yaya, ana cewa za su rufe ta. In ta mutu fa?"

Ya yi tari ya huta, ya ce, "Sai ta mutu, Auta, ai ba Alƙur'ani ba ce. Wata za ta fito. Ni dai wadda za ta zo ta iske mutane a farke."

Ranar kasuwar da ta biyo bayan sadakar bakwai na je na buɗe rumfarsa don in kwashe ɗinkunan mutane in mayar musu. Motar birni ta tsaya, direba ya miƙo jarida ta taga, bayan an daɗe ba a gan ta ba, falle biyu kacal. Na karɓa. Kafin in juya an cika gindin tsamiya kamar kullum, kowa yana kallona. Na buɗe, na ga baƙaƙen suna iyo. Na ajiye ta a kan keke.

Sai wani mahauci ya goge hannu a zanensa ya ɗauka. Ya fara karantawa yana tuntuɓe, wani manomi daga Darini ya leƙo ta kafaɗarsa yana gyara masa. Da ya gaji ɗan Ardo ya karɓa, daga shi sai mai gishiri. Aka zo kan wani labari da ya ce an gama gyaran hanyar Safana, mota na wucewa ba tsayawa. Wurin ya kaure da dariya, don rabin mutanen da ke nan ta hanyar suka biyo da safe, sun tuɓe takalmi sun ratsa ruwa a inda kwalbatin ya karye. Wani ya ce a kawo takarda. Wani ya ce shi zai rubuta, wani ya ce a'a, hannunsa ya fi kyau. Har gardama ta tashi a kan wanda zai sa sunansa a ƙasa. A ƙarshe suka rubuta tare a kan teburin yankan Yaya, suka tsare direba sai da ya karɓa.

Da yamma na shiga gaishe da matar Yaya a ɗakin takaba. Ta ce, "Na ji hayaniya daga kasuwa har nan. An ce jarida ta zo. Wa ya karanta masu?"

Na tsaya ina lissafin fuskoki, na ga ba zan iya ba. Na ce, "Suna da yawa."

Ta jawo mayafi ta rufe fuska, sannan ta ce, "Alhamdu lillahi."

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yalwata masa kabari, Ya sa iyakar wahalarsa ke nan. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da gaskiya a bakinmu.